Aji Biyu, Malami Ɗaya: A Haɗa Su Ɗaki Guda Ko A Raba Su Safe Da Rana?

Kwanakin baya wani ƙanena a aiki ya same ni a gida bayan la'asar. Na san shi tun yana ɗalibi a kwalejin ilimi ta Azare, lokacin da aka turo shi gwajin koyarwa makarantar da nake. Yanzu ga shi an ba shi riƙon wata firamare a wani ƙauye can ciki, gefen hanyar Darazo. Muka gaisa, na tambayi iyali da gajiyar hanya, sai ya zaro wata takarda daga aljihun gaba ya shimfiɗa ta a kan tabarma. Aji shida. Malamai uku, har da shi. Ɗakuna huɗu masu rufin kirki.

"Malam," in ji shi, "mai unguwa da 'yan kwamitin makaranta suna so a raba yaran, wasu su zo da safe wasu da rana, kamar yadda suka gani a birni. Ni kuwa raina ya fi kwantawa da a haɗa aji bibbiyu a ɗaki guda. Wanne zan kama?"

Har aka kira magariba muna kan wannan magana. Bayan ya tafi na ga ya kamata in rubuta ta, domin ba shi kaɗai ke yawo da irin takardar nan a aljihu ba. Duk wanda ya yi aiki a makarantar karkara, daga Ningi zuwa Gamawa, ko a tsallaka jihar Gombe wajen Dukku da Nafaɗa, ya san lissafin: azuzuwa sun fi malamai yawa. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce kowane yaro ya samu karatun shekara tara kyauta. Amma babu wadda ta gaya wa hedimasta abin da zai yi ranar Litinin da safe idan aka buga ƙararrawa, aji shida suka yi layi, malamai uku suka tsaya a gabansu. Ni dai na ɗanɗana duka biyun. Na yi shekaru ina riƙe da aji biyu a ɗaki ɗaya, na kuma yi zango biyu ina safe da rana.

Abin da na fara tambayarsa shi ne, mene ne ya yi ƙaranci, ɗaki ko malami? Mutane kan cakuɗa biyun. Inda ake safe da rana a birni, galibi ɗaki ne ya kasa. Yara sun yi yawa, gini ya yi kaɗan, sai wasu malamai su ɗauki safe, wasu daban su ɗauki rana, kowa da aikinsa ɗaya. A ƙauye abin juyawa ya yi: ɗakin yana nan, mai shigarsa ne babu. Idan ka ciro tsarin birni ka dasa shi a nan, malamin da ya koyar da safe shi ne dai zai koyar da rana, da muryar nan tasa guda, a kan albashin nan guda.

Akwai kuma abubuwa biyu da ake kira haɗa aji alhali ba shi ba ne, gara a kawar da su gefe tun yanzu. Ɗaya shi ne malami guda da ɗakuna biyu yana zirga-zirga. Ya rubuta aiki a allon aji uku, ya ce monita ya rubuta sunan masu surutu, ya tsallaka aji huɗu. Kafin ya kai rabin bayani a can, nan an kaure da kokawa. Ɗayan shi ne a tara aji biyu a ɗaki a karanta musu darasi guda, ko dai manya su maimaita abin da suka yi bara, ko ƙanana su zauna suna kallon abin da ya fi ƙarfinsu. Yawancin iyayen da suka ƙi jinin haɗa aji, ɗayan waɗannan suka gani, kuma suna da gaskiyarsu. Haɗawar da nake nufi ita ce aji biyu a ɗaki ɗaya gaban malami ɗaya, amma kowane aji da rajistarsa, da allonsa, da aikinsa.

To, mu fara da lokaci, tun da shi ne jarin makaranta. A jadawalin da muka saba, ana shiga aji ƙarfe 8:00 a tashi ƙarfe 1:00, a fitar da rabin awa na tara. Saura minti 270. Idan malami ɗaya zai yi safe da rana, abin da jikinsa zai ɗauka bai wuce awa uku-uku ba: 8:00 zuwa 11:00, ya ɗan sarara, sai 11:30 zuwa 2:30. Ka cire minti 20 na tara a kowane ɓangare, yaro ya tashi da minti 160 a yini. A ɗakin da aka haɗa kuwa, akwai darussan da kowa ke ɗauka tare, irin su addini, labari, tsafta, zane da motsa jiki, a ce minti 90. Sauran minti 180 a raba su biyu: 90 malam yana tare da kai, 90 yana tare da ɗaya ajin kai kuma kana aikin da ya ba ka. Ka ga yaro ya samu minti 180 gaban malami, ga ƙarin 90 na aikin hannunsa. Ko da waɗannan 90 ɗin sun tafi a banza, haɗawa ba ta gaza rabawa ba a lissafi. Shi kuma malamin awa biyar ya tsaya, maimakon shida da rabi.

Ƙanen nawa ya ce, "Amma Malam, minti ai suna suka tara." Gaskiya ya faɗa. Minti 160 na rabawa tsabtatattu ne, babu hayaniyar wani aji a bayanka, idon malami a kan jama'a ɗaya yake. Da a ce ɓangaren rana kamar na safe yake, da na ba masu son rabawa rabin gaskiya. Sai dai ba haka yake ba, kuma a nan ne na ga abin da ya sa na dawo daga rakiyar tsarin.

Ɗaki mai rufin kwano ba silin, ƙarfe 12:00 zuwa 2:00 a watan Maris da Afrilu, wanda ya taɓa tsayawa a ciki ba sai an yi masa bayani ba. Amma zafin ma ba shi ne babban abin ba. Babban abin shi ne safiyar da ka saki. Ina tuna wata yarinya 'yar aji biyar, mai kaifin kai, wadda take cikin 'yan rana. Wata Talata ina bayani a allo na juyo na tarar ta kifa kai a benci, fensir yana hannunta, barci ya kwashe ta a tsakiyar jimla. Da na tashe ta na tambaya, sai ta ce tun asuba ta yi rijiya sau uku, sannan ta ɗauki tallan ƙosai har hantsi ya ɗaga, tun da yanzu "ba ta da makaranta da safe". Ba mugunta iyayenta suka yi ba. Mun miƙa musu safiyar yarinya, su kuma gida yana da buƙata, sai suka cika ta da aiki. Da damina, yaron da ya bi ubansa gona da sassafe ba ya ajiye fartanya ƙarfe 11:00 don ya wanke ƙafa ya zo aji. Haka da kaka, lokacin cirar gyaɗa da roron wake. Ranar kasuwa kuwa ba a magana. Ranar Juma'a ɓangaren rana kusan babu shi ɗungurungum saboda masallaci, wato kwana ɗaya cikin biyar ya tafi kowane mako. Wanda ya daure ya zo ya tashi 2:30, ga tafiyar ƙafa zuwa gida, ga islamiyya tana jiransa bayan la'asar. Cikin zango biyun nan rajistar rana ramewa ta riƙa yi a gaban idona.

Akwai wani abu kuma da ba ya fitowa a takarda. Yaran da ke zuwa daga rugage da unguwannin nesa ba ɗai-ɗai suke zuwa ba, garke suke yi, yaya riƙe da hannun ƙane. Ranar da ka ce ƙanen ya zo da safe yayan ya zo da rana, ka tsinke wannan igiya. Uwa ba za ta saki ɗan shekara shida ya ratsa jeji shi kaɗai ba, uba kuma ba zai so 'yarsa budurwa ta dawo ita kaɗai da tsakar rana ba. Sau da yawa biyun kake rasawa.

Wannan ba ya nufin haɗawa abu ne mai sauƙi. Taura biyu ba ta taunuwa, kuma malami ba ya yi wa aji biyu bayani biyu a numfashi ɗaya. A kowane lokaci rabin ɗakin yana bayansa. Saboda haka duk maganar ta tattaru a kan tambaya guda: idan malam ya juya baya, me ke hannun yaran da ya bari? In akwai aiki, haɗawa ta fi. In babu, ka dai tara yara ne kana gadinsu.

Abin da ke ba ni ƙwarin gwiwa shi ne, amsar wannan tambaya ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Ka leƙa kowace makarantar allo. Ga kolo yana fama da babbaƙu, kusa da shi wani ya shiga farfaru, can titibiri yana biya nasa karatun, gardi a gefe yana tilawa, malam kuwa ɗaya ne a kan buzunsa. Babu wanda ya taɓa cewa karatu ba zai yiwu ba don an haɗa manya da ƙanana. Me ya riƙe tsarin? Kowane yaro da allonsa a hannu, da karatunsa rubuce a kai, ya san abin da zai yi har a kira shi ya biya. Gardi yana sauraron kolo kafin a kai ga malam. Kuma ba a wanke allo sai karatu ya zauna. Mu a boko sai muka ɗauko yaran da suka saba da wannan, muka ba su allo ɗaya a bango, muka ce kowa ya zuba wa malam ido. Ranar da malam ya kasu biyu, sai komai ya tsaya.

Wasu ƙasashe sun bi wannan hanya da gangan. A Kolombiya, tun 1975, Vicky Colbert da abokan aikinta suka kafa tsarin Escuela Nueva domin makarantun karkara masu malami ɗaya ko biyu, kuma ginshiƙinsa shi ne littattafan jagora da yaro ke bi da kansa ko cikin ƙaramin rukuni, malami yana zagayawa. A nan gida, Hukumar Ilimin Makiyaya ta Ƙasa da aka kafa a 1989, mai hedikwata a Kaduna, makarantunta da dama a haka suke tafiya, malamai kaɗan da yara masu mataki daban-daban. Masana ma sun duba. A 1995 wani ɗan ƙasar Holan, Simon Veenman, ya tattara bincike masu yawa ya ce bai ga wani bambanci na a zo a gani ba tsakanin sakamakon yaran haɗaɗɗen aji da na aji guda. Shekara ɗaya bayan haka wasu Amurkawa biyu, Mason da Burns, suka ja da shi. Suka ce shugabannin makarantu kan zaɓi ƙwararrun malamai da yara masu natsuwa su kai haɗaɗɗen aji, shi ya sa ba a ga hasarar ba. Yawancin binciken a ƙasashe masu hali aka yi shi, inda aji ƙarami ne kuma littafi ya wadata, don haka ba na ɗora masa nauyin da ya fi ƙarfinsa. Amma gardamar Amurkawan nan ni gargaɗi na ɗauke ta: haɗaɗɗen aji na malamin da ya fi kowa iyawa ne a makarantar, ba na sabon zuwa ba, ba kuma na wanda ake so a hukunta ba.

Ya tambaye ni yadda safiya take tafiya a irin ɗakin, sai na ba shi labarin nawa, aji biyu da aji uku. Allo biyu ne, ɗaya a bangon gabas ɗaya a na yamma, yaran suna zaune sun ba juna baya, ni ina tsakiya. Lokacin lissafi mukan fara da minti biyar tare, ƙirga bibbiyu ko biyar-biyar da tafi. Daga nan 'yan aji uku su je kwandonsu kowa ya ɗauki kati. Katunan nan daga kwalin taliya da na sabulu na yanka su, mai shago ne ke tara mini. Kowanne da lambarsa da tambayoyi biyar ko shida, daga mai sauƙi zuwa mai wuya, yaro ba ya ɗaukar na 8 sai shugaban rukuninsa ya duba na 7. Ni kuma in zauna da 'yan aji biyu minti 15, ga tsinkayen tsintsiya ɗaure goma-goma da roba, ga murafun kwalba, muna tarawa muna ɗebewa. Sai in bar su da nasu aikin in juya. Doka ɗaya ce na tsananta a kai: idan malam yana ɗaya ajin, ba a kiransa. Ka tambayi na kusa da kai, in bai sani ba ka tambayi shugaban rukuni, in shi ma ya kasa ka ajiye jan murfin kwalba a bakin benci ka wuce tambaya ta gaba. Da na juyo, jajayen murafun nan su ke gaya mini inda zan fara. Sai da muka yi kusan wata guda kafin dokar ta zauna, amma da ta zauna ɗakin ya fi wasu azuzuwan guda-guda natsuwa.

A ɗakin nan ne wani yaro ɗan ruga ya shigo aji biyu Hausarsa ba ta nuna ba. In na yi bayani sai ya zuba mini ido kawai. Yayarsa tana aji uku, bayanta yana kusan taɓa nasa. Wata rana na ji raɗa, na juya zan tsawata, sai na ga ta karkato tana nuna masa ɗaurin tsinkaye tana faɗa masa da Fulatanci. Na ƙyale su. Daga ranar na mayar da bencinsu kusa da juna. A jihar da yara ke zuwa aji da Fulatanci, Jaranci, Sayanci ko Warjanci a bakinsu, wannan ba ƙaramar riba ba ce, kuma tsarin safe da rana ba ya ba da ita.

In makarantarku tana cikin waɗanda aka raba wa littattafan Mu Karanta na ƙananan azuzuwa, waɗanda suka zo jihohin Bauchi da Sakkwato ta wani shirin tallafi na Amurka, a fito da su daga akwatin ofis a sa a hannun yara. Ko ɗaya ga yara uku ne, ya rage maka yankan kwali.

Sai maganar da na fi jan shi a kanta, wato waɗanne azuzuwa za a haɗa. Al'ada ita ce ɗaya da biyu, uku da huɗu, biyar da shida, don shi ne ya fi daɗin faɗa. Ni ban yarda da shi ba. A makarantar ƙauye adadin yara raguwa yake yi yayin da ake hawa sama. Mu ƙaddara aji ɗaya 50 ne, aji biyu 30, aji uku 22, aji huɗu 18, aji biyar 14, aji shida 11. In ka bi al'ada, ɗaki na farko 80, na biyu 40, na uku 25. Ka cusa mafi ƙanƙanta a mafi cunkoso. In kuwa ka bar aji ɗaya shi kaɗai, ka haɗa biyu da uku, ka haɗa huɗu da biyar da shida, sai ka samu 50, 52 da 43. Yaran nan 145 ne dai, amma nauyin ya rabu kusan daidai.

Ba adadi kaɗai ba ne dalilina. Ɗan aji ɗaya bai iya karatu ba, don haka kati ba ya yi masa amfani. Ba za ka ba shi aiki ka juya baya minti 15 ba. Riƙon fensir yake koyo, da zama wuri ɗaya, da bambanta baƙi da wasali. Shekarar nan ita ce tushe, kuma yaron da ya bar ta bai iya haɗa gaɓa ba, shi ne wanda zai zama nauyi a haɗaɗɗen aji baɗi. Saboda haka in malami ɗaya tal za a keɓe wa aji guda, aji ɗaya ne ya cancanta, ba aji shida ba. Sannan manhajar ilimin bai-ɗaya ta kasa firamare gida biyu, aji ɗaya zuwa uku da aji huɗu zuwa shida. Haɗa uku da huɗu tsallake wannan iyaka ne, jerin darussan ba ɗaya ba, nauyin Turanci ba ɗaya ba. Biyu da uku kuwa 'yan ɗaki ɗaya ne, haka huɗu da biyar.

Haɗa azuzuwa uku a ɗaki ɗaya ya fi wuya, ban ɓoye masa ba. Dabarar ita ce a ɗauki biyar da shida a matsayin rukuni guda a yawancin darussa, sai a zangon ƙarshe a ware wa 'yan aji shida lokaci na musamman don shirin shiga ƙaramar sakandare. Su ne suka fi iya aiki da kansu, kuma ga ɗaki na huɗu a buɗe. In kuma aka samu malami na huɗu, aji shida ya koma gefe.

Darussa ma ba duka ake yi musu abu ɗaya ba. Ilimin zamantakewa da yawancin kimiyya ana iya juya su shekara biyu, bana duk ɗakin a yi batutuwan wannan aji, baɗi na wancan, kowane yaro ya bi ta duka kafin ya fita, sai dai tambayoyin manya su fi zurfi. A rubuta juyin a ajiye, don malamin da zai gaje ka, da kuma yaron da zai canza makaranta. Lissafi kuwa ba ya juyuwa, matakala ce, ba a taka ta biyar kafin ta huɗu. Karatu na fi so a raba shi bisa iyawa, ba bisa aji ba: masu harafi, masu gaɓa, masu kalma, masu jimla. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ta shahara da irin wannan tsari, an kuma gwada shi a Borno da Kano. A haɗaɗɗen ɗaki yana zuwa da sauƙi, domin ɗan aji uku da bai iya gaɓa ba zai matsa benci biyu ne kawai, ba za a fitar da shi a kai shi wani ɗaki kowa yana kallo ba.

Nauyin da ke kan malami na gaske ne. Shirin darasi biyu, rajista biyu, jarrabawa biyu, ga yankan kati da dare. A zamaninmu kwaleji ba ta koya mana wannan ba, a fili muka koya, kuma zangon farko yana da ɗaci. Amma kati in ka yanka shi bana yana nan baɗi, gajiyar safe da rana kuwa kullum sabuwa take. In an samu bita a kan haɗaɗɗen aji, ko ta SUBEB, wato hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, ko ta Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, a tura wanda ke riƙe da ɗakin. A kuma sanar da sakataren ilimi da jami'in duba makarantu tun kafin su zo, a manna jadawalin a bango, don kada a ɗauka sakaci ne.

Akwai inda rabawa ta fi, kuma na gaya masa. In jimillar aji biyun ta haura 60, a ganina haɗawa ta mutu: babu hanyar ratsawa tsakanin benci, babu yadda za a yi rukuni, hayaniya ta cinye bayani. Haka in ɗaki ne ya kasa malamai kuwa sun isa, misali iska ta yaye rufi, to safe da rana ya halatta har a gyara, ko da yake gindin darbejiya da rani ya fi mini shi. In ya zama dole a raba, ƙanana su ɗauki safe, a kuma matso da ɓangaren rana gaba gwargwadon hali. Tsakanin 50 da 60 kuwa akwai hanyar tsakiya da na ba shi shawara a kai. 'Yan aji ɗaya ba sa jure zama har ƙarfe 1:00 ko yaya. A sallame su daga darasi 11:30, na kusa su tafi gida, na nesa su yi wasa a inuwa su jira yayyensu. Malaminsu ya ɗebi 'yan aji biyu zuwa ɗakin da ya rage ya yi musu karatu na awa ɗaya da rabi, aji uku su samu nasu malamin su kaɗai. In akwai matashi mai takardar shaidar malanta ta NCE a garin da ke zaune ba aiki, kwamitin makaranta na iya neman ya riƙa taimakawa a ba shi ɗan abin sabulu.

Saura iyaye. Wani uba ya taɓa zuwa mini rai a ɓace, ya ce, "Malam, yaron nan ya ci jarrabawa bara, yaya na gan shi ɗaki ɗaya da ƙanensa? Baya aka mayar da shi?" Ban yi dogon bayani ba. Na nuna masa rajista biyu, na sa masa benci a ƙarshen ɗaki na ce ya zauna har a fita tara. Ya ga ɗansa yana duba katin wani, ya ga ƙanen yana fuskantar wani allon daban. Da zai tafi ya ce, "Ashe kamar na tsangaya ne." Shi ya sa na ce wa ƙanena kada ya tunkari mai unguwa da takarda da lissafin minti. Ya je ya gaishe shi, ya ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni zango ɗaya, sannan ku zo ku zauna a ajin ku gani." Ya tambayi 'yan kwamitin, su da kansu, wa zai raka ƙananan yaran ruga in an raba su da yayyensu.

Shekaranjiya ya bugo mini waya. Sun amince da zango ɗaya. Yana tambaya kati nawa zai yanka kafin a koma hutu, na ce ya fara da 30 na lissafi da 30 na karatu ga kowane aji, sauran ya ƙara yana tafiya. Na ce kuma ya nemi magini tun wannan makon ya shafa masa allon siminti a bangon baya na ɗakunan biyu, don sai ya kwana biyu ya bushe kafin a baƙanta shi da gawayi.